Kulob ɗin Kwamfuta na Yara: A Rage Sayen Akwati, a Kafa Hubusi

A shekarar 2007 aka raba wa ɗaliban wata firamaren gwamnati da ke Galadima, a gefen Abuja, wasu ƙananan kwamfutoci masu launin kore da fari, kowane yaro da tasa. Shirin na Nicholas Negroponte ne, wani shehun malami a jami'ar MIT ta Amurka, wanda ya tsaya a taron Davos na 2005 ya ce zai samar wa 'ya'yan ƙasashe matalauta kwamfutar dala 100. Hotunan yaran Galadima sun zagaya duniya. Sai dai kwamfutar ba ta taɓa saukowa dala 100 ba, kuma maganar da aka yi ta cewa Najeriya za ta sayi miliyan guda ta bi ruwa. Ƙasar Peru ce ta shiga da ƙarfinta, ta sayi sama da 800,000. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya auna sakamakon a 2012, sai ya tarar yaran sun iya sarrafa na'urar, amma lissafinsu da karatunsu suna nan inda suke. Urugwai, wadda ta fara nata shirin a 2007 da sunan Ceibal, ita ake misali da ita har yau, domin bayan rabon ta kafa hukumar da ke gyara kwamfutocin, ta ja intanet zuwa makarantu, ta horar da malamai, ta kuma sa abin cikin kasafin kuɗinta na kowace shekara.

Na tono wannan tsohon zance ne saboda abin da ake yayi yanzu ƙaninsa ne. Kusan kowace gidauniya da kowane babban kamfani yana da shirin koya wa yara rubuta manhaja da haɗa mutum-mutumi a wajen lokacin aji. Yara ashirin ko talatin su taru sau ɗaya a mako, su rubuta wa kwamfuta umarni, su haɗa 'yar mota mai bin layi da kanta ko fitilar da ke kunnuwa in duhu ya yi. Ina cikin masu ganin abin yana da kyau ƙwarai. Damuwata tana kan yadda ake zuba kuɗin, domin yawancin tallafin da ke zuwa wannan fanni a ƙasashenmu an tsara shi ta hanyar da kulob ɗin ba zai wuce shekara biyu a raye ba.

A can inda abin ya samo asali ma da sadaka aka kafa shi. Dean Kamen, wani mai ƙirƙire-ƙirƙire, shi ya kafa ƙungiyar FIRST a Amurka a 1989, aka fara gasar mutum-mutumi ta 'yan sakandare a 1992. A 2011 wani matashi ɗan shekara 18, James Whelton, tare da wani ɗan kasuwa, Bill Liao, suka buɗe CoderDojo na farko a birnin Cork na ƙasar Ayilan, kyauta, ba a karɓar ko kwabo daga yaro. A 2012 Clare Sutcliffe da Linda Sandvik suka kafa Code Club a Birtaniya don 'yan shekara 9 zuwa 11. Dukkansu sun bunƙasa, kuma masu ba da labarinsu suna son jaddada cewa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba aka fara. Gaskiya ne. Amma a duba abin da suka tarar a ƙasa. Ɗakin da za a taru akwai shi, a laburaren unguwa ko ofishin wani kamfani. Wuta ba ta ɗaukewa. Kwamfutoci suna nan a makaranta, yaro ma kan zo da ta gidansu. Mai koyarwa kuwa injiniya ne mai albashi mai tsoka, wanda ba da awa biyu ran Asabar ba zai hana tukunyar gidansa tafasa ba. Saboda haka in gidauniya ta ba irin wannan kulob akwatin kayan haɗa mutum-mutumi, ta cike masa gurbin da ya rage ke nan.

A Gusau ko Maraɗi ko Potiskum, abubuwan nan da suke kyauta a Cork su ne masu cin kuɗi. Amma sai aka ɗauko tsarin tallafin yadda yake, aka dasa shi a nan. Kowa ya san yadda bikin yake. A kafa rumfa, a rataya ƙyalle mai tambarin kamfani, a ɗinka wa yara riguna iri ɗaya, babban baƙo ya yanke zare, wata yarinya ta danna maɓalli mutum-mutumi ya yi taku uku, a tafa, a ci abinci, a watse. An ba malamai biyu horon kwana uku. Bayan wata shida an yi wa ɗaya canjin wurin aiki, ɗayan kuwa dama ɗan bautar ƙasa ne, shekararsa ta cika ya koma garinsu. Shugaban makaranta, wanda ya san in ƙaramar waya ta ɓata a cikin kayan shi za a tuhuma, sai ya kulle akwatunan a sito ya sa makulli a aljihu. Ni ban ga laifinsa ba. An ba talaka kyautar doki ne ba a haɗa masa da ciyawa ba.

Me ya sa masu ba da tallafi ke maimaita wannan? Galibinsu ba mugaye ba ne, kuma ba wawaye ba ne. Ma'aikacin gidauniya yana da shugabannin da zai kai wa rahoto a ƙarshen shekara, kuma akwati yana ƙirguwa, yana da rasit, yana fitowa a hoto. Alawus ɗin malami, da kuɗin data, da batirin sola da za a sauya bayan 'yan shekaru, ba wanda ke kiran 'yan jarida saboda su. Sannan ga son babban adadi. "Mun horar da yara dubu biyar" ya fi daɗin faɗa a kan "yara arba'in sun zauna da mu shekara uku", alhali yaro na farko awa ɗaya ya yi a gaban kwamfuta tare da wasu huɗu, na biyu kuwa ya iya abin da zai ci abinci da shi. Tarukan mako guda irin na Africa Code Week, wanda kamfanin SAP ya fara a 2015, suna da amfaninsu wajen ɗanɗana wa yaro. Ɗanɗano kuma ba ya ƙosarwa. Su ma ƙungiyoyinmu na cikin gida masu neman tallafin sun koyi rubuta abin da mai kuɗi ke son karantawa, don haka ba wanda ke faɗa wa wani gaskiya.

Su kansu akwatunan akwai magana a kansu. Saitin LEGO ɗaya na makaranta, wanda yara biyu ko uku ke rabawa, yana kai wa wajen dala 400. Rajistar tawaga ɗaya a babbar gasar FIRST ta 'yan sakandare tana kai wa wajen dala 6,000 a kakar wasa guda, ban da kuɗin kaya da tafiya. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, cikin 2024 ta haura 1,500. Duk kulob ɗin da rayuwarsa ta rataya a kan kayan da sai an yi odarsu daga waje, farashin ɗan ƙaramin abin da ya karye masa ya ninka sau uku yana zaune. Haka litar fetur ɗin janareta, wadda a da ake saye ƙasa da naira 200, ta taɓa 1,000 a ƙarshen 2024. Wani abin kuma, kamfanin LEGO ya daina ƙera jerin Mindstorms a ƙarshen 2022. Makarantar da aka ba wannan samfurin tana riƙe da kayan da mai su ya riga ya juya musu baya.

Alhali ga hanya mai sauƙi a buɗe. Manhajar Scratch, wadda MIT ta saki a 2007, kyauta ce, kuma tana aiki a tsohuwar kwamfuta ko babu intanet. Allon Arduino, wanda aka ƙirƙira a garin Ivrea na Italiya a 2005, an bar tsarinsa a buɗe, kowa na iya kwaikwaya, shi ya sa ake samun na China da araha. Raspberry Pi Pico dala 4 aka sa masa da ya fito a 2021. Sauran kayan, wato waya, da ƙananan fitilu, da ɗan injin da ke juya taya, ana ciro su daga matacciyar firinta da tsohuwar rediyo. Kuma a kasuwar waya ta Farm Centre da titin Beirut a Kano akwai ɗaruruwan samari da ke narka dalma su liƙa abin da ido da ƙyar yake gani. Da wuya ka ga takardar neman tallafi da ta sa mai gyaran waya a jerin malamai, saboda ba shi da digiri. Ni kuwa da za a tambaye ni, shi zan fara ɗauka, a haɗa shi da malamin lissafi ko na kimiyya na makarantar, ɗaya ya kawo hannu ɗaya ya kawo ƙa'ida.

Sai batun gasar ƙasashen waje, wadda ita ce ke cinye kaso mafi tsoka na wasu tallafin. Ba na raina ta. A watan Yulin 2017, da aka yi gasar FIRST Global ta farko a Washinton, an hana 'yan mata shida daga birnin Herat na Afganistan biza har sau biyu, aka hana tawagar Gambiya ma, sai da duniya ta yi ca sannan aka bar su suka shiga. 'Yan matan Herat ɗin nan, wato ƙungiyar tasu, su ne a 2020 suka haɗa samfurin na'urar taimaka wa numfashi da sassan mota ƙirar Toyota Corolla lokacin korona. A 2018 kuma 'yan mata biyar na makarantar Regina Pacis da ke Anaca suka ciyo zinare a rukunin ƙanana na gasar Technovation a Kalifoniya, da manhajar gano jabun magunguna. Irin wannan labari yana sa uban da ke shakka ya bar 'yarsa ta je kulob. Amma a lura, 'yan Anaca sun yi watanni suna zama da malamar da ta horar da su kafin kowa ya ji sunansu. Kofin ɗan wannan zaman ne. Abin da ake yi a wurare da yawa shi ne a tsallake zaman, a zaɓo yara biyar daga makarantar kuɗi wadda dama tana da komai, a saya musu tikiti, a kira su wakilan jiha. Kuɗin jirgi da otal da biza na mutum bakwai zuwa Amurka zai riƙe kulob da yawa shekara guda cur. A ganina gasa bai kamata ta ci fiye da ɗaya cikin goma na kasafi ba, kuma a fara da ta tsakanin makarantun ƙaramar hukuma. Wanda ya matsu sai ya ƙetare iyaka, akwai gasar mutum-mutumi ta Afirka da Sidy Ndao ya kafa a Dakar.

Na san abin da wani mai karatu ke faɗa a ransa tun ɗazu. A ƙasar da UNICEF ta ce yara sama da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta, mafi yawansu a Arewa, inda aji ɗaya ke ɗauke da yara ɗari a ƙasa ba benci, wane ne ke da bakin maganar mutum-mutumi? Tambaya ce mai nauyi, kuma in aka ce lallai sai an zaɓi ɗaya tsakanin rufin aji da akwatin LEGO, rufi zan zaɓa ba tare da dogon tunani ba. Sai dai ba haka zaɓin yake zuwa ba. Kuɗin da kamfanin sadarwa ya ware don fasaha ba zai koma sayen benci ba don mun ƙi karɓa, wata jiha za a kai shi. Sannan makarantun kuɗi na Kano da Kaduna da Abuja sun riga sun sa wannan darasi, har suna tallata kansu da shi. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma har yau akwai ɗan talakan da ranar jarabawar ce ranar da ya fara ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta. In sadaka ba ta kai wa wannan yaro ba, to ta ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ne kawai.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne alkawarin da ake yi wa iyaye cewa duk yaron da ya shiga kulob zai zama mai rubuta manhaja yana karɓar dala daga ɗakinsa. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, ƙananan ayyukan rubuta manhaja da sababbin shiga ke fara cin abinci da su na'ura tana yin da yawa daga cikinsu. Amfanin kulob yana wani wuri. Yaron da ya haɗa abu ya ƙi aiki, ya bi waya ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda matsalar take, ya koyi abin da haddar allo da alli ba ta koyarwa a ajin kimiyya. Kuma irin waɗannan yara muna da su tun ba yau ba. Wane gari ne babu yaran da ke ƙera mota da gwangwani da tsohon silifa? A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar lissafi da ƙarfi a Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur, da injin Honda Civic, har ya ɗaga daga ƙasa. A Nijar, Abdou Maman Kané ya ƙirƙiro tsarin da manomi ke kunna famfon ban-ruwa da wayar hannu daga nesa, abin da ya ba shi kyautar ruwa ta Sarki Hassan na Biyu a 2015. Na'urar Kané ɗin nan, in aka warware ta, irin abin da ake koya a kulob ne: abin da ke karɓar saƙo, da umarnin da aka rubuta, da makunnin da ke ta da inji. Ga masu noman rani a Kadawa ko fadamun Haɗejiya, wannan ya fi mutum-mutumi mai rawa amfani nesa ba kusa ba.

To wa zai biya? Wanda ke jiran Turawa ya duba abin da ya faru a 2025. A watan Janairu Shugaba Trump ya dakatar da tallafin ƙasashen waje, zuwa Yuli an rufe hukumar tallafin Amurka ta USAID. A Fabrairu Birtaniya ta ce za ta rage nata daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin ɗari na abin da ƙasar ke samu. In maganin cuta da abincin yara masu tamowa sun shiga garari, kulob ɗin kwamfuta ba ya cikin lissafi.

Abin sha'awa shi ne, gidauniyar da ta fi kowace riƙe irin waɗannan kulob a duniya ba da roƙo kaɗai take rayuwa ba. Gidauniyar Raspberry Pi ta Birtaniya ta fitar da 'yar kwamfutarta ta dala 35 a 2012, ta kafa kamfanin da ke sayar da ita, ribar tana komawa aikin ilimi. Da wannan ƙarfi ta rungumi Code Club a 2015, ta rungumi CoderDojo a 2017. A watan Yunin 2024 aka sa kamfanin a kasuwar hannun jari ta Landan, gidauniyar ta sayar da wani kaso ta ajiye kuɗin don gaba, ta riƙe kaso babba. Dukiya tana tsaye, amfaninta yana gudana zuwa ga aikin alheri. Duk wanda ya yi karatun fiƙihu ya san wannan tsari, shi ne hubusi ko waƙafi, wanda ya riƙe Ƙarawiyyin ta birnin Fas tun da Fatima al-Fihri ta gina ta a shekarar 859, ya kuma riƙe Azhar ɗaruruwan shekaru. Kano da Zamfara da Sakkwato duk suna da hukumomin zakka da hubusi. Zakka tana da rukunin mutane takwas da aka iyakance mata, shigar da batirin sola cikinsu sai an yi ta jayayya da malamai. Hubusi ba shi da wannan ƙunci.

Kuma dukiyar akwai ta. Gidauniyar Aliko Ɗangote tana da asusun dala biliyan 1.25, Abdussamad Rabi'u ya kafa ASR Africa a 2021 da alkawarin dala miliyan 100 duk shekara. Amma ba su nake hange ba. Ina hangen attajirin Kantin Kwari ko Singa ko kasuwar Dawanau, wanda ke raba buhunan shinkafa da azumi, ya biya wa mutane Umara, ya gina masallaci a layin da ke da biyu. Allah ya saka masa. Da zai tsayar da shago uku ko gida ɗaya na haya, ya rubuta cewa kuɗin hayar na kulob ɗin sakandaren gwamnatin unguwarsu ne, da ya biya alawus ɗin malamai biyu, da data, da gyara, da kwalin ƙananan kaya duk zango, har bayan ransa. Ilimi mai amfani yana cikin sadaka mai gudana, wannan ba sabon wa'azi ba ne. Hatsarin da ke ciki sananne ne: magada su taso bayan rasuwa, ko amintattu su mayar da abin nasu. Maganinsa takarda a gaban alƙali da shaidu, da kwamitin da ya haɗa iyaye da tsofaffin ɗalibai, da lissafin da ake mannawa a allon sanarwar makaranta kowa ya karanta.

Kuɗin gida yana da wata fa'ida, mai shi ya san gari. Wanda ya zauna a Landan ya rubuta "bayan an tashi daga makaranta" bai san cewa yaronmu da ya dawo daga boko Islamiyya yake wucewa ba, Asabar da Lahadi kuma da yawa suna hadda. Kulob ɗin da ya sa kansa takara da Islamiyya ya faɗi tun kafin a fara, kuma ya jawo wa kansa zargin da bai kamata ba. Alhamis da Juma'a ne ranakun hutun makarantun allo da Islamiyyu da dama, don haka yammacin Alhamis shi ne lokacin. In ana son 'yan mata su zo su kuma daɗe, sai an sami malama mace, an tashi kafin magariba, an kuma je an gaida iyaye an nuna musu abin da ake yi. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar dala.

Kada kuma gwamnati ta ji daɗi ta naɗe hannu. Ingila ta sa darasin kwamfuta cikin manhajar karatun makarantunta a 2014, kulob ƙari ne a kan abin da aji ke bayarwa. Jihar Kano da kanta ta kafa makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga cikinsu sun cika Arewa. Waɗanda suka yi sakandare a da suna tuna ƙungiyar JETS ta matasan injiniyoyi da masana kimiyya, wadda a makarantu da yawa yanzu sai suna. Abin da ake nema daga ma'aikatar ilimi kaɗan ne: ɗaki mai ƙofa da makulli, da barin malamin da aka horar a makarantar aƙalla shekara uku, da takardar da ta sauke wa shugaban makaranta alhakin kayan da suka lalace a hannun yara wajen koyo.

Ga ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da 'yan kasuwa, da duk ma'aikacin kamfanin da aka damƙa wa kasafin taimakon al'umma, roƙona shi ne kafin ku sa hannu a kan takardar da aka kawo muku, ku nemi a nuna muku sunan malamin da zai buɗe ɗakin kowane mako, da abin da za a biya shi, da inda wuta za ta fito, da wanda zai ɗauki nauyin shekara ta uku. In babu amsa a rubuce, ku riƙe kuɗinku har a kawo ta.